Idan takunkumi bai shafi abinci ba, me ya sa talaka ke kwana da yunwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a Kawo. Kullum muna ji a rediyo cewa abinci haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, kuma duk lokacin da aka ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi sai a ce ai ban da abinci da magani. Amma mu da ke cikin kasuwa mun ga abin da ya faru da wake da dabbobi lokacin da aka rufe iyakar Nijar. Shin wannan haƙƙin na gaske ne, ko zance ne na takarda? Kuma takunkumin nan ne ya jawo mana tsadar da muka shiga a Kaduna?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko, ko haƙƙin samun abinci yana da wani ƙarfi a doka. Ta biyu, yadda takunkumin da aka ce bai taɓa abinci ba yake ƙarewa a tukunyar talaka, da ko shi ne ya jefa mu a halin da muka tsinci kanmu. Aikina bibiyar farashin hatsi ne a kasuwanni irin su Saminaka da Giwa da Anchau, da zagayen gidaje tare da masu aikin agaji don a ga yadda mutane ke ci. Ni ba lauya ba ne, don haka ɓangaren doka zan ba ka shi ne gwargwadon abin da aiki ya tilasta mini sani.

Abin da takarda ta ce

Haƙƙin yana nan a rubuce. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ambaci abinci a sashe na 25. Yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ta 1966 ta fi fito da shi fili a sashe na 11, inda ta ce kuɓuta daga yunwa haƙƙi ne na asali ga kowa. Najeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1993. Amurka, wadda ta fi kowa yawan ƙaƙaba takunkumi, ta sa hannu amma har yau majalisarta ba ta amince da ita ba.

Mutane kan ɗauka ma'anarsa ita ce gwamnati ta riƙa raba wa kowa buhun shinkafa. Ba haka ba ne. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya yi bayani a 1999 cewa nauyi uku ne a kan hukuma: kada ita kanta ta raba mutum da hanyar cin abincinsa, ta hana wani raba shi da ita, sannan ta gyara masa hanyar, in kuma bala'i ya fi ƙarfinsa ta ciyar da shi. Wato manomin Birnin Gwari da 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa an tauye masa wannan haƙƙi, ko da ba a taɓa yi masa alƙawarin ko mudu ɗaya ba. A cikin wannan bayanin ne kwamitin ya ce kada a mayar da abinci makamin matsa wa wata ƙasa lamba.

A nan gida, a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki da ya ɗora wa gwamnati tsara manufofinta don tabbatar da haƙƙin samun abinci. Sai dai an ajiye shi ne a babi na biyu, wanda sashe na 6 na kundin ya hana kotu sauraron ƙara a kansa. Ba za ka iya ɗaukar lauya ka kai gwamnati kotu don yaranka sun kwana ba su ci ba. Akwai wata ƙofa ta gefe: a 2001 hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, a ƙarar da aka kai kan mutanen Ogoni, ta ce Najeriya ta keta haƙƙinsu na abinci saboda lalata musu gonaki da ruwa. To ka ga ba zancen banza ba ne, amma ƙarfinsa na kafa hujja ne da kunyata hukuma. Ɗan sanda ba zai zo ya karɓar maka shi ba.

Hanyoyin da yunwa ke bi

A nan ne ainihin tambayarka take. Da wuya ka ga takardar takunkumi da aka rubuta a cikinta cewa an hana shigar da masara. Amma yunwa ba ta jiran a rubuta. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 abinci bai ƙare a ƙasar ba, ƙarfin sayensa ne ya ƙare a hannun mutane. Kai da kake zaune a gaban buhuna ka fi ni sanin wannan. Rumfa a cike take, amma wanda ya saba sayen tiya ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani. Takunkumi ta nan yake shigowa: ya tsayar da kuɗin da ƙasa ke samu daga waje, kuɗinta ya karye, albashi ya zama ba ya kai sati.

Iraƙi ce misalin da ya fi girma. A watan Agustan 1990, bayan Saddam Husaini ya mamaye Kuwaiti, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 661. An ware magani, an kuma ce abinci zai iya shiga idan an shiga halin jin ƙai. Amma ƙasar tana shigo da mafi yawan abincinta ne daga waje, kuma da kuɗin mai take saye, ga shi an hana ta sayar da man. An bar mata ƙofar kasuwa a buɗe, an ƙwace jakar kuɗin. Ban da haka, kayan gyaran injinan ruwa da sinadarin tace shi sun riƙa maƙalewa, wai ana iya sarrafa su a yi makami. Yaron da ya sha gurɓataccen ruwa ya kamu da gudawa, ko an ba shi abinci ba ya zama a jikinsa. Shirin musayar mai da abinci bai fara aiki ba sai ƙarshen 1996. Manyan jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya biyu da suka jagoranci aikin agajin a Bagadaza, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, duk ajiye aiki suka yi don nuna rashin amincewa.

Za ka ji ana cewa yara rabin miliyan ne suka mutu. Adadin ya samu ƙarfi ne daga wani bincike na 1999 da UNICEF ta yi tare da gwamnatin Iraƙi, kuma binciken da aka yi bayan faɗuwar Saddam ya nuna an kumbura shi. Ina faɗin wannan ne saboda a wannan fage kowane ɓangare yana wasa da lissafi: mai ƙaƙaba takunkumi yana rage ɓarnar, wanda aka ƙaƙaba wa yana ƙara ta don ya ɓoye nasa laifin. Cewa mutanen Iraƙi sun sha baƙar wahala kuwa, babu mai musu. Shi kuma Saddam yana nan daram har sai da yaƙin 2003 ya kawar da shi.

Hanya ta biyu ita ce tsoro. Ko da doka ta halatta cinikin alkama, bankin da zai tura kuɗin yana gudun tarar da za a ci shi idan aka samu kuskure, kamfanin inshora yana gudun jirgin, mai jirgin yana gudun tashar. Kowa sai ya ce gara ya haƙura da cinikin gaba ɗaya. Haka ta faru a Afganistan bayan Taliban sun karɓi mulki a 2021, lokacin da Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar. Ƙungiyoyin agaji suna da kuɗi a waje, amma shigar da su ya zama aiki.

Wannan hanya ta taɓa mu kai tsaye, ko da yake mutane da yawa ba su lura ba. Takin NPK da ake haɗawa a masana'antun Najeriya yana buƙatar abubuwa uku: yuriya da muke yi a gida, fosfat da ake kawowa daga Maroko, da fotash wanda Rasha da Belarus ke cikin manyan masu sayar da shi a duniya. A 2022, bayan an fara yaƙin Yukiren, Najeriya ta kasa ɗauko fotash ɗin da ta yi oda daga Rasha, sai da ta nemo na gaggawa daga Kanada. Turawa sun yi ta nanata cewa takin Rasha da ke zuwa wasu ƙasashe ba ya cikin takunkumin da suka sa mata, kuma a takarda gaskiya suka faɗa. Amma manomin Lere ko Soba da ya saba zuba buhu huɗu ya koma biyu, wani ma ya bar masara ya koma waken suya don ba ya cin taki sosai. Masara kuwa ba ta yafe rowar taki. Abin da aka rage a damina shi ne ka gani a farashin kaka.

Abin da ya faru da Nijar

Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka daskarar da kadarorin ƙasar. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa.

Akwai abin da ya kamata ka sani, domin ya saɓa wa abin da ka ji a rediyo. Lokacin da ECOWAS ta sa wa Mali takunkumi a Janairun 2022, ta ware kayan masarufi da magani da man fetur da lantarki. A na Nijar ba a yi wannan warewar ba da farko. Shi ya sa tireloli suka yi dogon layi a Malanville ta Jamhuriyar Benin, bakin gadar da ke shiga Gaya ta Nijar, har da na kayan agaji, wasu kayan kuma suka maƙale a tashar Kwatano. Ƙasa ce da ba ta da teku. Dole aka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da sai da rakiyar soja ake binta, kuma duk kuɗin zagayen nan a kan buhun shinkafa yake sauka a Yamai. Kuma lokacin ya faɗo a tsakiyar damina, sa'ar da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. A ganina, da a ce da gangan ake neman lokacin da zai fi ciwo, da ba za a samu wanda ya fi wannan ba.

Mutanen Nijar ba baƙin wannan ba ne. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har Hausawan can suka sa wa yunwar shekarar sunansa.

A aikinmu akwai ma'aunin da na fi yarda da shi a kan kowane rahoto: akuya ɗaya mudu nawa na gero take saya. Makiyayin Nijar yana sayar da dabba ne ga kasuwar Najeriya, ta Jibiya da Illela da Maigatari, ya sayi hatsi. Idan aka rufe hanya, dabbarsa ta yi arha a hannunsa don babu mai saye, hatsi kuma ya yi tsada don ba ya shigowa. An buge shi ta gaba da baya. Mu kuma a nan, rago da wake da aya sai su yi tsada. Iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 da ta ratsa jihohi bakwai, daga Kebbi zuwa Borno, ba ta rufuwa. Kaya suna wucewa ta daji a kan babura da jakuna, sai dai kowane shinge da kuɗinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan fasa-ƙwauri da mai tsaron shinge sun samu kasuwa, mai sayen gwangwani ya biya.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, kwanaki kaɗan bayan Janar Yakubu Gowon ya roƙi a yi hakan. An ɗage shi Bazoum yana tsare, sojoji suna kan mulki, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Abin da aka nema bai samu ba, kuma dangantakar ciniki ba ta koma yadda take ba. Daga baya Nijar ta hana fitar da hatsinta, a 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah.

To shi ne ya jawo tsadar Kaduna?

Ya taimaka, amma ba shi ne babba ba, kuma ina ganin wannan ne wurin da ba za ka so amsata ba. Ka duba lokacin. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Juyin mulkin Nijar ya zo ne bayan waɗannan biyun. Duk sun auku cikin wata biyu, don haka babu wanda zai iya raba maka ya ce kashi kaza na wannan ne, kashi kaza na wancan. Wanda ya ba ka irin wannan lissafin ƙirƙira ya yi.

Amma akwai alamu. Masara da dawa da gero daga wajenmu suke tafiya Nijar. Da rufe iyaka ne kaɗai, da sai su taru a nan su yi arha. Ba su yi ba, saboda karyewar naira ta sa mai riƙe da sefa yana iya sayen buhu a farashin da ɗan Kaduna ba zai iya ba, shi ya sa a farkon 2024 aka yi ta jin ana tare motocin hatsi a hanyar iyaka. Alama ta biyu ta fi ƙarfi: an buɗe iyakar a watan Maris na 2024, amma hauhawar farashin abinci ta ci gaba har ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. A wake da dabbobi, abin da ka gani daidai ne. A masara kuwa, ka nemi dalili a kuɗin mota daga Saminaka zuwa Kawo, da kuɗin taki, da gonakin Birnin Gwari da Giwa da Chikun da suka yi shekaru ba a noma su ba, ko aka noma bayan an biya 'yan bindiga haraji.

Kuma kada ka manta mun taɓa ɗanɗana irin wannan a cikin gida. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomi, har da kasuwar Talata ta Kawo, ta hana safarar dabbobi, aka yanke layin waya a wasu yankuna, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Manufar tana da hujjarta. Amma a ƙauyukan da na zagaya bayan haka, matar da ke kai kaza kasuwa ta sayo gishiri da manja ita ce ta fara jin abin a jikinta. Mai bindiga yana da hanyar da zai bi, ita ba ta da shi. Takunkumin ƙasa da ƙasa ma haka yake aiki.

Akwai wanda ya fi sauƙi?

Ba na cikin masu cewa kowane takunkumi zalunci ne. Najeriya ta tsaya kai da fata a kan a matsa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma shugabannin baƙaƙen fatar ƙasar da kansu suka nemi hakan. Idan aka ce ba takunkumi sam, abin da ya rage shi ne zuba ido ko yaƙi, kuma a 2023 mun ga yadda Arewa ta tashi tsaye a kan batun kai yaƙi Nijar. Mun kuma ga wani nau'in a kanmu: bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, an hana manyan gwamnatin Abacha biza, an hana sayar mata da makamai, amma ba a hana sayen manta ba. Da an hana, da mun ga abin da Iraƙi ta gani. Bayan darasin Iraƙi ne duniya ta karkata ga takunkumin da ke bin mutum da sunansa da asusunsa. A Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 da ya ware aikin agaji daga daskarar da kadarori, sai dai ya shafi takunkumin Majalisar ne kawai, ban da wanda wata ƙasa ta sa da kanta.

Musulmi ma yana da abin dubawa a tarihinsa. Ƙuraishawa sun ƙaurace wa Banu Hashim kusan shekara uku a kwarin Abu Ɗalib, ba saye ba sayarwa, har ana jin kukan yara daga bayan kwarin. Daga baya dama ta juyo. Sumama ɗan Usal, shugaba a Yamama, ya musulunta ya rantse ko ƙwayar alkama ba za ta je Makka ba sai Annabi (SAW) ya yi izini. Da abin ya tsananta Ƙuraishawa suka aika suna roƙo da zumunci, Annabi ya rubuta wa Sumama ya sake musu hanyar abinci, alhali ana cikin gaba da su.

Idan za ka auna kowane takunkumi da ka ji an sa, kada ka tsaya a kan ko an ce ban da abinci. Ka tambayi ko an bar wa ƙasar hanyar samun kuɗin saye, ko akwai bankin da zai yarda ya tura kuɗin, ko an bar mai da wuta da taki, da kuma ko akwai ranar da za a zauna a sake dubawa. Ku ma 'yan kasuwa kuna da bakin magana. Ƙungiyoyin masu hatsi da na masu dabbobi su ne ke fara ganin farashi ya motsa, makonni kafin ya shiga rahoton kowace hukuma. Da kuna rubuta farashin buhu da na mudu kowace ranar kasuwa a littafi guda, da ranar da aka sake rufe wata hanya kuna da abin da za ku ɗora a gaban sanatanku, domin irin littafin nan ne mu ma muke bi rumfa-rumfa muna nema.